Wanda ya kafa muku manhaja a kwantena, ku tambaye shi ina bayananku suke kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana da masu makarantu, ƙananan asibitoci da kantunan magani da ke ba matasanmu aikin kafa musu manhaja a kwamfuta.

Yanzu duk yaron da ya koyi harkar saba (server, kwamfutar da ke riƙe manhaja da bayanai), da manhajar Docker yake farawa. Ban ga laifinsa ba. Tun da manhajar ta fito a 2013 ta rage mana wahala, domin da umarni ɗaya mutum zai tayar da rumbun bayanai na PostgreSQL ko MySQL a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wuri a cikin kwamfuta da manhaja ke aiki a ciki. Matsalar ita ce masu koyarwa suna nuna yadda ake tayarwa, su tsallake inda bayanan ke zama. Kwantena kamar allon almajiri yake, don a wanke shi aka yi shi. Idan ka tsayar da shi ka sake kunnawa, abin da ke ciki yana nan. Idan ka goge shi, wanda dole ne duk ranar da za a sabunta manhajar, abin da aka rubuta a jikinsa ya tafi ke nan.

Kwanakin baya aka kira ni wani kantin magani. Maigidan ya riƙe kai, lissafin kaya da sunayen waɗanda ake bi bashi sun ɓace bayan yaronsa ya yi sabuntawa. Allah ya taimake shi PostgreSQL ne. Wannan rumbun yakan ƙirƙiro wa kansa ma'ajiya a waje, abin da Docker ke kira volume, sai dai ba ta da suna, wasu haruffa da lambobi ne zuƙeƙe. Sabon kwantenan ya buɗe tasa ma'ajiyar fanko, tsohuwar kuma tana yashe a /var/lib/docker/volumes. A nan muka tono ta. Da yaron ya riga ya buga umarnin docker volume prune don share wuri, da sai dai haƙuri.

Maganin bai kai ya kawo ba. A ba ma'ajiyar suna, a ɗaura ta daidai inda rumbun ke rubutu, kamar /var/lib/mysql ga mai amfani da MySQL. Daga nan a goge kwantena sau ɗari ma, ba abin da zai same ta. Amma a kiyayi umarnin docker compose down -v. Wannan ɗan harafin na ƙarshe yana kwashe ma'ajiyar har da mai suna, kuma na ga masu kwafo shi daga intanet ba su san aikinsa ba.

Sannan kada wanda ya yi wannan ya miƙe ƙafa. Ma'ajiyar tana kan faifan kwamfutar nan ce. Idan wutar NEPA ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta, ko ɓarawo ya sunkuce ta, duk sun tafi tare. Dole a riƙa fitar da kwafin bayanan da umarnin pg_dump ko mysqldump a kai wani wuri daban, a kuma gwada mayar da shi. Kamfanin manhaja na GitLab, da duk ƙwararrunsa, a Janairun 2017 wani ma'aikacinsa ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka duba hanyoyin ajiyar kwafi aka tarar yawanci ba sa aiki, bayanan kusan awa shida suka salwanta.

Shawarata ga Alhazai masu biyan kuɗin aikin: kafin ku cika wa yaro kuɗinsa, ku sa ya goge kwantenan a gabanku, ya tayar da sabo, ku duba ko cinikin jiya yana nan. Idan ya fara kame-kame, aiki bai ƙare ba.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
wani mai gyaran kwamfuta daga Farm Centre, Kano