Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Ɗinkin Hannu, Birnin Zariya

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawan sana'a da sauran 'yan uwa maza da mata.

Abin da ya fi cinye mana lokaci bana shi ne kuɗin wata. Tun ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, dole ta sa muka fara karɓa ta tiransifa. Bana muka mayar da shi ƙa'ida, sai ga rigima. Ma'aji ya saba da littafinsa, kowa ya biya ya sa hannu ko ya dangwala. Yanzu alat ne ke shigowa da sunan da ba mu taɓa ji ba, wani da asusun ɗansa ya biya, wani ta wajen mai POS a Ƙofar Doka. Mun sha cigiya. Daga ƙarshe muka ƙara kujerar mataimakin ma'aji, aka ba wani matashi, aikinsa ya haɗa kowane alat da mai shi kafin ranar taro.

Zauren WhatsApp kuwa mu muka lanƙwasa shi. Dattawanmu da yawa ajami suke karantawa, don haka duk sanarwa sai an bi ta da saƙon murya. Wani Baba ma a takarda yake rubuta amsarsa, jikansa ya ɗauki hoto ya turo. Abin da ba mu zata ba shi ne mata masu ɗinki a cikin gida. Da ba sa zuwa taro, ladan aikinsu ta hannun ɗan aike yake bi, wani lokaci ya iso da giɓi. Yanzu yana shiga asusunsu kai tsaye, muryarsu kuma tana shigowa zaure. Suka nemi wakiliya a kwamiti, aka ba su, kuma a ganina mun ma makara.

Batun injin surfani mai kwamfuta ya tayar da jijiyoyin wuya. Adon riga irin su aska takwas da tambari, wanda mutum zai shafe makonni a kai, inji ya gama a yini guda. Kwamiti bai hana kowa saye ba. Amma duk wanda zai saka hoton riga don mai saye a Kano ko Abuja, sai ya faɗi ta hannu ce ko ta inji, ya kuma juya ta ya nuna bayan ɗinkin, domin a nan zare ke tona asiri.

Sola da muka yi alkawarin sakawa a ɗakin taro bai samu ba, kuɗi bai kai ba. Shi za mu fara tattaunawa ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar Sallah, bayan la'asar. Masu bashi su zo da shaidar biya.

Sakatare