Rahoton Ayyukan Shekara: Gwajin Haɗin Fitilun Dandali da Na'urorin Sarrafa Su

Assalamu alaikum 'yan uwa, manyanmu da ƙannenmu.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne zaman gwaji da muka riƙa yi a nan Jos. Kowa ya kwaso nasa, teburin sarrafawa da fitilu da wayoyi, muka jona na wannan da na wancan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Aro da haya muke yi a tsakaninmu, kuma ba sau ɗaya ba an isa wurin biki fitilar aro ta ƙi jin umarni, baƙi na zaune.

Kusan duk kayanmu da DMX512 suke magana, tsarin aika umarni daga teburin sarrafawa zuwa fitilu da aka fitar a Amurka a 1986, wanda layi ɗaya ke ɗaukar tashoshi 512. Muka zaci za mu kama fitilu da laifi, sai ga shi waya ce ta fi ba mu kunya. Da yawanmu da wayar makirufo muke jan layi saboda bakinta ya shiga, alhali ba don wannan aka yi ta ba. Akwai wata fitila mai juyawa da ta yi ta karkarwa kamar mai jin sanyin Disamba, mai ita har ya yanke shawarar kai ta gyara. Wani dattijonmu ya zaro ɗan filogi daga aljihu, mai riƙe da resisto (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) na om 120 tsakanin fil na 2 da na 3, ya toshe ƙarshen layin. Nan take ta nutsu. Ina roƙon kowa ya mallaki irinsa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Mun kuma ga wasu fitilu masu araha na ƙyafta ido da zarar an kunna RDM, wato tsarin da ke ba fitila damar mayar wa teburin sarrafawa amsa ta waya ɗaya, sai an kashe shi suke lafawa. Ku tuna, kada a jera fitilu fiye da 32 a layi ɗaya ba tare da na'urar raba layi ba.

Horon yaranmu kan saita adireshin fitila, wato lambar tashar da take fara karɓar umarni daga gare ta, ya gudana lafiya. Kuɗin wata-wata kuwa, wasu har yanzu da saura.

Art-Net da sACN, hanyoyin aika umarnin DMX512 ta wayar sadarwar kwamfuta, ba mu kai gare su ba. Baɗi in Allah ya kai mu da su za mu fara, don haka duk mai na'urar da ke aiki da su ya sanar da sakatare tun yanzu.