Ko na yi azarɓaɓi da na gaida Bayahudiya da gaisuwarsu?

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaida ki da fatan kina lafiya. Ni 'yar Zariya ce, shekarata biyu a Landan ina aikin kula da tsofaffi. Wadda nake wa aiki yanzu Bayahudiya ce, ta haura shekara 80, a unguwar Stamford Hill inda Yahudawa masu riƙo da addini suka yi yawa. Mazansu ba sa ba mace hannu, matan aure kuma ba sa barin gashinsu a waje. Wani lokaci sai in ga kamar ina cikin ganuwar Zazzau, in ban da sanyi.

Ranar da na fara jin ɗanta ya ce wa baƙo "shalom aleichem", aka amsa masa "aleichem shalom", sai da na waiga. Sallamarmu ce sak, har yadda ake juya ta wurin amsawa.

Ranar hutunsu tana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan magaribar Asabar. Kafin rana ta faɗi Baba, haka nake kiranta, takan kunna kyandir biyu, kowa yana ce wa kowa "gut Shabbes" da harshen Yiddish. Ni kuwa na je na haddace "Shabbat shalom" daga waya, wadda ta Ibrananci ce, wata Juma'a zan tafi na faɗa mata. Baba ta yi dariya ta riƙe hannuna. Surukarta da ke tsaye kuwa ko uffan ba ta ce ba, kallona kawai ta yi. Kallon nan ne ya hana ni sakat.

Ban daddara ba. Wata rana ina yi mata wanka na ce "shalom" cikin raha, ta ɗaga yatsa ta ce ba a faɗarsa a banɗaki, don yana cikin sunayen Ubangiji. Kunya ta kama ni, don ni ma ba zan ambaci As-Salam a bayan gida ba. Da Yom Kippur ta zo, ranar da suke azumin awa 25 ba ci ba sha, sai na yi wa ɗanta barka da shagali. Ashe ranar tuba ce, fatan azumi mai sauƙi ake yi wa mutum. Ya gyara mini cikin mutunci, amma na ji kamar ƙasa ta tsage.

Abokiyar aikina ta ce in daina shiga sharo ba shanu, gaisuwarsu ce, in tsaya kan Turancina. Na ce mata ai a Sabon Gari Inyamuri yakan ce mana barka da Sallah, ba mu taɓa jin haushi ba. Yayan maigidana kuma da na ba shi labari ta waya ya ce ta fuskar addini ma da magana, musamman "mazal tov" da suke faɗa a biki ko haihuwa, don asalin kalmar mazal tauraro ne. Na kawo masa aya ta 86 a Suratun Nisa'i kan mayar da gaisuwa, ya ce amsawa daban, farawa daban.

To Anti, ina mafita? In bar abin gaba ɗaya, Baba za ta lura, don yanzu ita ke jira in faɗa. In tambayi surukar kai tsaye kuma ina tsoron kada ta ɗauka tsokana ce, aikin nan da shi nake biyan kuɗin makarantar yarana biyu. Ga sabuwar shekararsu tana matsowa, lokacin da suke tsoma tuffa a zuma suna cewa "shana tova", kuma Baba ta riga ta ce za ta ajiye mini rabona. In ta miƙo mini, me zan ce mata? Don Allah ki haɗa da jin ta bakin malamai.

Taki,
'Yar Zariya a Landan