Rahoton Shekara ga Mambobi: Aikinmu kan Dajin Hanta na Yara

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A bana kwamitin zartarwa ya karkata yawancin ƙarfinsa ga dajin hanta na yara, cutar da ba kasafai ake samunta ba, kuma ƙarancin nata ne ke sa ba a zarginta sai ta yi nisa. Iyalan da muka raka asibiti labarinsu kusan ɗaya ne: uwa tana yi wa ɗanta wanka sai ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, a ce mata saifa ce ko shawara, a shafe watanni ana jiƙe-jiƙe. Wani yaron ma ya iso gaban likita da tabon tsagar wanzami a cikinsa.

A taron da muka yi ranar 15 ga Fabrairu, Ranar Dajin Yara ta Duniya, likitan yara ya bayyana mana cewa nau'in da ya fi yawa, wato hefatobilastoma, ya fi kama 'yan ƙasa da shekara 3, musamman bakwaini. Ana fara binciken da sikanin ciki, sannan a auna wani sinadari da ake kira AFP a jini, wanda yakan hau sosai a wannan cuta, amma dole a duba shi da shekarun yaron, domin jarirai masu lafiya ma ana haifarsu da shi da yawa. Daga nan sai hoton CT ko MRI ya nuna sassa nawa ƙarin ya taɓa cikin sassa 4 na hanta, a ɗauki hoton ƙirji saboda huhu ne inda ya fi saurin bazuwa, a kuma ciro ɗan tsoka a tabbatar.

Kuɗin asusunmu a waɗannan gwaje-gwaje ya fi tafiya, da kuma kuɗin motar iyalan da aka tura asibitocin koyarwa na Kano da Shika. Bai ishe mu ba, kuma akwai waɗanda suka jira mu fiye da kima, abin da ya sosa mana rai ƙwarai.

Mun kuma zagaya wajen ungozomai kan rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 na haihuwa, tunda wannan ciwon yana cikin abubuwan da ke share fagen dajin hanta da ke kama manyan yara. A baɗi, in Allah ya yarda, wanzamai da masu kemis za mu fara ziyarta, domin wurinsu uwa take fara zuwa.