Kodak ya san kyamarar dijital tun 1975

Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in gyara wata magana da nake yawan ji, wai kamfanin Kodak, mai yin fim ɗin hoto da kyamara, ya durƙushe ne saboda kyamarar dijital ta shammace shi. Ni da na ci abinci da wankin hoto, wannan magana ba ta kwanta mini ba.

A cikin Kodak ɗin aka fara haɗa ta. Injiniyansu Steven Sasson ne ya yi aikin a 1975, a birnin Rochester na Amurka. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta sauke hoto ɗaya a kan kaset. Manyan kamfanin sun gani, sun yi mata rajistar mallaka, sannan suka ja ƙafa. A lokacin kusan kashi 90 cikin 100 na fim ɗin da ake sayarwa a Amurka nasu ne.

Duk ɗan sana'ar ya san inda kuɗin yake. Kyamara sau ɗaya ake sayenta, amma fim mai hoto 36 da ya ƙare sai a sayi wani, ga sinadarin wanki, ga takarda. Kuma ba ka ganin aikinka sai ka ɗaga dodon hoton a gaban haske, nan za ka tarar wani ya ƙifta ido, wani ya juya kai, alhali kuɗin fim ya riga ya tafi. Da dijital kuwa ka duba, ka goge, ka sake, ba wanda ya karɓi ko sisinka. Wane manaja zai so abin da zai toshe masa wannan rijiya?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ko da suka shiga harkar, fim da takarda suke karewa. A 1996 suka fito da Advantix, wanda har ila yau fim ne. A 2001 suka sayi Ofoto, shafin ajiye hotuna a intanet, sai suka mayar da shi hanyar jawo mutane su buga hoto a takarda, alhali jama'a so suke kawai 'yan uwa su gani. Sun sayar da kyamarorin dijital da yawa, amma ribar ba ta taka kara ta karya ba, sannan wayar hannu ta zo ta kwashe kasuwar.

A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, kamfanin da ya taɓa riƙe ma'aikata fiye da 145,000 a 1988. Watanni uku bayan haka Facebook ya sayi Instagram mai ma'aikata 13 a kan dala biliyan 1. Ma'aikatan masana'antar Kodak ne suka ɗanɗana kuɗarsu, su da ba a yi shawarar da su ba.

Kada a ce ƙaddarar fim ce kawai. Fujifilm na Japan ma kasuwarsa ta fim ta rushe bayan 2000, amma shugabansa na lokacin, Shigetaka Komori, ya rage sashen fim, ya karkata ilminsu na sinadarai zuwa kayan asibiti, magunguna, siririyar ledar da ake sa wa allon talabijin, har da man shafawa na Astalift a 2007. Kamfanin na nan da ƙarfinsa, yana kuma sayar da kyamarar Instax mai fitar da hoto nan take.

Na gode.

Naka,
Wani tsohon mai wankin hoto