A Mazaɓa Ake Gama Magana, Ba Ranar Zaɓe Ba

Assalamu alaikum Edita,

Ina bin shirinku na siyasa a waya duk mako, to rannan wani bawan Allah ya bugo yana kukan ba a ba matasa dama, shi ne na ce bari ni ma in tofa albarkacin bakina.

Gaskiya ne tun 2018 Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Amma kuɗin fom fa? A 2022 fom ɗin majalisar jiha na APC naira miliyan 2 ne, ko da rangwamen matasa, mai ɗan noman riɗi irina ina zai samo.

Ni inda na ga muna sakaci shi ne mazaɓa. Ranar da jam'iyya ke zaɓen shugabanninta na mazaɓa muna gindin darbejiya muna musun ƙwallo, dattawa biyar shida sun shige zaure sun rubuta sunaye, a can aka saba fitar da daliget, su ne suka riƙa zaɓo ɗan takara, mu kuma ranar zaɓe a miƙo taliya da sabulu mu je mu dangwala, bayan wata uku mu hau Facebook muna zagi.

Bara famfon tuƙa-tuƙanmu ya lalace, ƙannenmu mata na tafiya har wani ƙauye da jarka. Muka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, muka kai wa kansila muka aje kwafi a sakatariya. Wallahi sai da muka koma sau uku, na ukun mu goma sha biyu a kan babura, kafin aka turo mai gyara. Daga nan biyu cikinmu suka shiga kwamitin makarantar firamare, ashe ƙofa a buɗe take ba mai zuwa ne kawai.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don Allah Edita ku riƙa gayyato ciyamomi da kansiloli, su faɗa mana nawa ya shigo, kuma yaushe ake zaman kasafin kuɗi, mu dai a sanar da mu tun da wuri kar ya faɗo ranar kasuwa.

Naku mai sauraro,
daga wani ƙauye a yankin Gumel, Jigawa