Wasiƙa zuwa Winnipeg, kafin sanyi ya kankama

Greensboro, 9 ga Nuwamba

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya baƙunta? Yaya sanyin Kanada? Allah Ya sa an fara sabawa, Ya kuma sanya albarka a wannan zama naku.

Tun da muka ajiye waya ranar Lahadi, wata magana da ka yi a wucewa ta tsaya mini a rai. Ka ce injin busar da kayan da kuka tarar a gidan hayar sai an kunna shi sau biyu kafin wanki ya bushe, kuma samansa yakan yi zafi har ba a iya ɗora hannu. Kai kuɗin wuta ne ya dame ka. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin da haka namu ya fara, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta maka dalla-dalla, yadda za ka riƙa dubawa kana gaban injin.

Mu da muka tashi a Kano ba mu san wannan abu ba. Igiya ce a tsakar gida, a shanya da hantsi, kafin azahar an kwashe. Inda kake kuwa, nan da wata guda duk rigar da aka shanya a waje sandarewa za ta yi kamar katako. Saboda haka injin nan zai zama muku kamar murhu, kullum yana aiki, kuma dole ka san halinsa.

Aikinsa bai wuce abu uku ba: ganga tana juya kaya, wata waya irin ta hita tana ɗumama iska, fanka kuma tana jan iskar ta ratsa kayan, ta bi ta rariyar da ke bakin ƙofa, ta shiga wani bututu mai faɗin inci 4, ta fice bayan gida da danshin. Mutane suna zaton zafi ne kaɗai ke busar da kaya. Sai an haɗa da fitar iskar. Idan hanyar ta toshe, zafi da danshi sai su yi ta zagaye a ciki, kaya su fito da ɗumi amma a jiƙe, jikin injin kuma ya yi ta ɗaukar zafi. Abin da ke toshe hanyar shi ne ɓurɓushin zaren da ke fita daga tufafi, mai kama da auduga. Ka kuwa san auduga da wuta.

Shekararmu ta biyu a wannan gida, wani dare bayan isha'i, maman yara ta kira ni ta ce tana jin ƙauri. Na sauko na tarar injin ya tsaya cak, na danna, ko motsi. Na cire fulogi, muka kwana da zullumi. Washegari wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon bakanike, ya shigo da sukudireba da ƴar mitarsa ta gwajin wuta. Ya buɗe bayan injin ya nuna mini wani ɗan farin abu da bai kai tsawon yatsa ba, mai waya biyu, a jikin gidan fanka. Fis ɗin zafi ke nan. Idan zafi ya wuce kima sai ya ƙone ya yanke wuta, kuma sau ɗaya yake aiki, ba a gyara shi, sai dai a sauya. Ya ɗora mita a kansa, shiru, alamar ya tafi. Na sayo sabo da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, muka ɗaura, injin ya tashi.

Kafin ya fita ya ce mini in duba bututu, domin fis ba ya ƙonewa haka kawai. Aiki ya sha kaina, na ce sai ƙarshen mako, ƙarshen mako ya zo ya wuce. Mako biyu ba su cika ba sabon ma ya ƙone. A ranar na ja injin daga bango na cire bututun, kuma wallahi abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Ɓurɓushi ya cushe shi, ƴar kafar da ta rage ba ta fi ta shigar yatsu biyu ba, wani wurin har ya yi baƙi-baƙi saboda zafi. A bakin da ke waje kuma tsuntsu ya yi sheƙa. Na cika bokiti guda. Ɗakin yara yana saman wurin nan daidai. Har yau idan na tuna sai in yi hamdala.

Daga baya na karanta wani rahoton hukumar kula da gobara ta Amurka kan shekarun 2008 zuwa 2010. Sun ƙiyasta gobara kusan 2,900 a kowace shekara daga injinan busar da kaya na gidaje, da rasuwar mutum kamar 5 da raunata kusan 100. Babban sanadi shi ne rashin tsaftacewa, kashi 34 cikin ɗari, kuma abin ya fi yawa a watan Janairu. Watau lokacin da ku ma za ku fi dogara da naku.

To ga abin da nake so ka yi, a wannan makon in Allah Ya yarda. Ka kunna injin, ka zagaya bayan gida ka nemo inda bututun ya fito. Akwai ɗan murfi da iska ke ɗagawa. Ka sa hannu. Idan iska na busowa da ƙarfi, madalla. Idan da ƙyar take motsa murfin, an gano ciwon. Tunda haya kake, ka sanar da mai gidan a rubuce kafin ka kwance komai, wataƙila ma shi zai turo mai gyara. Idan ya bar maka, ka fara cire fulogi, kada ka yi wasa da wannan, domin injinan nan na lantarki a Kanada da Amurka wuta mai ƙarfin bolt 240 suke ja. Sannan ka ja shi, ka kwance bututun, ka share shi da dogon burushi da ake sayarwa don haka, ka bi da injin zuƙe ƙura. In ka tarar bututun na roba ne fari mai lanƙwasa, a sauya shi da na ƙarfe, kuma a haɗa gaɓoɓinsa da salatif ɗin aluminiyam, ba da kusa mai zare ba, domin kan kusar da ya leƙa ciki shi ke kama ɓurɓushi. Gajeren bututu mai ƙarancin kwana ya fi. Idan dusar ƙanƙara ta fara tula, ka riƙa leƙa bakin nan na waje kada ta rufe shi. Idan kuwa naku mai aiki da gas ne, kada ka taɓa layin gas ɗin da kanka, kuma toshewar bututu a irinsa ta fi haɗari, saboda iska mai guba marar wari da ƙonewar gas ke fitarwa (carbon monoxide) tana iya dawowa cikin gida.

Rariyar bakin ƙofa kuma a kwashe ɓurɓushin da ta tara bayan kowace busarwa, kowace ɗaya. Ka koya wa babban yaronka, aikin daƙiƙa goma ne. Lokaci-lokaci ka tara ta a famfo. Idan ruwa ya taru a kai bai zube ba, maiƙon takardun ƙamshin nan da ake jefawa cikin kaya ne ya like ramukan, sai a wanke da sabulu da tsohon burushin haƙori.

Sauran matsalolin masu sauƙi ne. Idan kana jin motar injin, wadda ke juya ganga da fanka, tana ƙugi amma ganga ba ta juyawa, galibi bel ne ya tsinke. Ƙara mai tsini ko gurnani, ƙananan tayoyin da gangar ke hawa ne suka cinye. Idan yana juyi amma babu zafi sam, ka fara duba akwatin wutar gida, domin layi biyu ke shiga injin, ɗaya yana iya faɗuwa mota ta ci gaba da aiki hita kuwa ta mutu. Lambar samfurin injin yawanci tana kan wata takarda a bakin ƙofarsa, da ita ake sayen kayan gyara, ka ɗauki hotonta a waya.

Akwai saƙon maman yara zuwa ga uwargida, ta ce lallai in rubuta. Tsumman kicin da ya sha man suya, irin na ranar ƙosai ko waina, kada a sa shi a injin ko da an wanke, domin mai ba ya fita duka kuma yana iya kamawa da zafi. Haka dadduma mai soso ko roba a ƙasa. Ni kuma na ƙara da nawa: shaddarka ta salla da hulunanka, ka yi musu ƴar igiya a cikin ɗaki, zafin injin yana kashe ƙyallin shadda. Kuma don Allah kada a kunna shi a tafi barci, ko a kunna a fita masallaci.

Idan ka je bayan gidan ka gwada iskar, ka kira ni ta bidiyo, in dai ba lokacin aiki ba ne zan ɗauka, mu duba tare. Ka gaida uwargida da yara. Idan kun yi waya da Inna ka isar mata da gaisuwata, ka ce ina neman addu'a.

Wassalam.

Naka amini, kuma ɗan uwa.